Filin Manoma: Sun Bazara A Kogunan Amurka

Kowane manomi ya sani, kome tsananin yunwa ba a taɓa damin iri. Wanda ya cinye irinsa da rani, in ruwan shuka ya sauka sai ya bi gida gida yana roƙo. To, kifi ma yana da irinsa, yana kuma da lokacin shukarsa. Yau ina so in ba ku labarin wani kifi na ƙasar Amurka da Kanada, da yadda mutanen can ke kama shi, da hasarar da suka yi sa'ad da suka yi masa cin iri. Kifin nan babu shi a kogunanmu, amma wanda ya karanta labarin har ƙarshe zai ga inda ya shafe mu.

Kamannin Kifin

Turawan can suna kiransa walai. A ƙira ya yi kusa da ƙaramin giwan ruwa, dogo ne, da ƙayoyi a gadon baya, da haƙora masu tsini, gama ƙananan kifaye yake ci. Bayansa kore ne mai duhu, gefensa kamar ruwan zinariya, cikinsa fari, akwai kuma ɗigon fari a ƙasan wutsiyarsa. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce laba 1 zuwa 5 ba. Mafi girma da aka rubuta shi ne wanda aka kama a jihar Tennessee cikin 1960, mai nauyin laba 25, watau kilo 11 da 'yan kai.

Abin da ya fi fice a jikinsa idonsa ne. In ka haska shi da dare sai ka ga yana ƙyalli kamar na kyanwa. Da wannan ido yake gani cikin duhu da cikin ruwa mai gurɓi, inda sauran kifaye ba su gani sosai. Saboda haka ya fi fita kiwo da asuba, da almuru, da ranar da gari ya yi lumshi. In rana ta take, sai ya koma ƙasa ya kwanta.

Lokacin Hawa

Bazarar can ba irin tamu ba ce. Watannin dai ɗaya ne, watau Maris da Afrilu da Mayu, amma sa'ad da muke fama da zafi, su lokacin ne ƙanƙarar hunturu ke narkewa, koguna su cika su kawo. In ruwa ya ɗan sake, zafinsa ya kai wajen digiri 6 zuwa 10, sai walai ya tashi neman wurin zuba ƙwai. Ruwan nan har yanzu ya fi ruwan randa na tsakiyar hunturu sanyi nesa.

Mu ɗauki misalin kogin Maumee, wanda ya taso daga Fort Wayne ya yi tafiyar mil 137, ya zuba cikin Tafkin Erie a birnin Toledo na jihar Ohio. Yawancin walai na tafkin nan suna zuba ƙwai a kan duwatsun cikin tafkin, amma dubban dubbai suna barinsa su hau Maumee da wani kogi maƙwabcinsa mai suna Sandusky. Maza ke fara isa, sa'an nan mata su biyo. Wurin da suke nema shi ne inda ruwa ba zurfi, yana gudu a kan tsakuwa. Da dare mace ke zuba ƙwai, maza su bi su zuba nasu ruwan a kai, ƙwan ya gangara ya maƙale tsakanin tsakuwa. Ba su yin sheƙa, ba su gadi. Da sun gama sai su juya. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe bayan mako 2 zuwa 4, gwargwadon sanyin ruwa.

Babbar mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 500,000. Akawuna su ɗauki alƙalami. A ce cikin kowane 10,000 guda ɗaya tak ya rayu ya girma, kifi 50 ke nan daga uwa ɗaya cikin shekara ɗaya. Wanda ya kama ta kafin ta zuba, a tukunyarsa kifi ɗaya ne, amma a kogi 50 aka rasa.

Yadda Ake Kama Shi

Sun nan na fatsa ne kaɗai, ba a sa taru. Masunci yakan sa wani wandon roba haɗe da takalmi, mai kai wa har ƙirji, ya shiga ruwa ya tsaya. Cikin tsakiyar lokacin hawa sai ka ga mutane sun jeru a Maumee kafaɗa da kafaɗa. Sandar fatsarsu tana da wata 'yar keke a gindi mai naɗe zare, don haka suna iya jifa da nisa. Maimakon tana, yawanci wani ɗan guntun roba mai launi suke sa wa ƙugiya, mai wutsiya da ke kaɗawa cikin ruwa kamar ɗan kifi. Sa'an nan su ɗaura ɗan ƙullin darma a jikin zaren.

Ga asirin aikin. Walai a ƙasa yake zama, fuskarsa tana duban inda ruwa ke fitowa. Saboda haka masunci yakan jefa fatsa ta ƙetare ruwa, ta ɗan yi sama da inda yake tsaye, ya bar gudun ruwa ya gangaro da ita tana taɓa tsakuwa kaɗan kaɗan. In darma ta yi nauyi sai ta maƙale a dutse. In ta yi sakayau sai ta wuce bisa kan kifin bai ko kula ba. Gwani yakan zo da darma iri iri, yana sakewa yadda ruwan ranar ya nuna. Yakan kuma nemi inda gudun ruwa ya karye, kamar bayan babban dutse, ko gindin gada, ko bakin gurbi, gama nan kifin da ya gaji da hawa ke hutawa.

Aikin yana da haɗari. Ruwan yana da sanyin da in mutum ya zame ya faɗa, cikin 'yan mintoci gaɓoɓinsa za su sandare. Don haka masu hankali ba su shiga in kogi ya cika ya wuce ƙa'ida.

Wajen ƙarshen Afrilu, in walai ya fara komawa tafki, sai wani farin kifi mai faɗi da ake kira bas ya hau nasa hawan, a yi ta kamunsa har cikin Mayu. In ruwa ya ƙara ɗumi kuma sai a koma kan wani mai gashin baki, mai kama da ragon ruwa. Kowane kifi da lokacinsa, kuma zafin ruwa ne ke kaɗa masa ƙararrawa.

Dokokin Sun

Mai karatu zai ce, ashe su ma suna kama kifi mai ƙwai. Gaskiya ne, amma da awo. A jihar Ohio duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yanki lasin. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Afrilu, a wuraren zuba ƙwai na Maumee da Sandusky, ba a su sai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, don a bar wa kifi dare ya yi aikinsa. Ƙugiya ɗaya tak aka yarda, faɗin bakinta kada ya wuce rabin inci. Kifin da ƙugiya ta soke a baya ko a wutsiya, ba a baki ba, tilas a mai da shi ruwa. Wanda bai kai inci 15 ba shi ma a sake shi. Dā kifi 4 aka yarda wa mutum a rana cikin watannin nan, amma da aka ga kifi ya yawaita, cikin 2020 aka ƙara zuwa 6 a Maumee. Ma'aikata suna zagayawa suna duba, wanda ya karya doka a ci shi tara.

A jihar Minnesota sun fi haka tsanani. A yawancin ruwayen jihar akan rufe sun walai ɗungum daga ƙarshen Fabrairu, ba a buɗewa sai wajen tsakiyar Mayu, bayan ya gama zuba ƙwai.

'Yan kasuwa kuma su lura, kifin da mutum ya kama da fatsa a Ohio na ci ne, ba na sayarwa ba. Walai na kasuwa yawanci daga Kanada yake fitowa, inda ake rubuta wa masu taru iyakar nauyin da za su kama kowace shekara.

Abin Da Ya Koya Musu Hankali

Ba haka kawai suka tashi da dokokin nan ba, sai da suka sha wuya. Dā akwai wani irin walai mai shuɗin jiki a Tafkin Erie, wanda masu taru ke kamawa laba miliyoyi kowace shekara. Aka yi ta kwasa ba ƙaƙƙautawa, ga ƙazantar birane da masana'antu tana kwarara cikin tafkin. Wajen 1958 sai kamu ya faɗi warwas. Cikin 1983 hukuma ta tabbatar ya ƙare daga duniya. Kome kuɗin mutum yau ba zai ga ko ɗaya ba.

Labari na biyu ya fi daɗin ji. A Minnesota akwai wani babban tafki da ake kira Red Lake, watau Jan Tafki, wanda yawancinsa na kabilar Ojibwe ne, mutanen ƙasar na asali. Shekara da shekaru sun walai ne abincinsu da sana'arsu. Da kamu ya yi yawa, kifin ya kusa ƙarewa. Cikin 1997 masuntan kabilar da kansu suka yarda su jingine taru. Cikin 1999 suka yi yarjejeniya da gwamnatin jihar, aka hana kowa kama walai a tafkin, aka kuma zuba 'ya'yan kifi miliyoyi a 1999 da 2001 da 2003. Mutane suka yi haƙuri, gidaje da yawa suka rasa abin da suka saba samu. Amma cikin 2006 aka sake buɗe su, kifi ya komo. Tafki biyu, ciwo ɗaya. Ɗaya an yi masa magani da wuri, ɗaya an makara.

Inda Manomi Ya Shigo

Ba masunci kaɗai ke kashe kifi ba. Ƙasar da Maumee ya ratsa ƙasar noma ce, ta masara da waken soya. In ruwa ya kwashe ƙasar gona ya kai kogi, laka takan rufe tsakuwa, ƙwan kifi ya rasa iska ya ruɓe. Takin zamani da ruwa ya wanke kuwa yakan haifar da gansakuka mai dafi a tafki. Cikin Agusta 2014 sai da aka hana mutanen Toledo, wajen 400,000, shan ruwan famfo har kwana 3 saboda wannan. Madatsar ruwa ita ma tana tare hanyar hawa. Cikin 2018 aka rushe tsohuwar madatsar Ballville a kogin Sandusky, don kifi ya sami ƙarin wurin zuba ƙwai.

Namu Kogunan

Kifinmu ma yana da nasa hawan, sai dai shi ba narkewar ƙanƙara yake jira ba, ruwan damina yake jira. In gulbi ya kawo ya malala cikin fadama, tarwaɗa takan bi sabon ruwa da dare ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai, ƙwan ya manne a ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Bargi da yauni sukan yi sheƙa cikin ciyawar. Karfasa kuwa a baki take goyon ƙwanta. Lokacin nan kifi ya fi sauƙin kamu, har yaro da sanda yana iya kashe tarwaɗa cikin ruwa iya idon sawu. Lokacin nan ne kuwa kamunsa ya fi ɓarna.

Ba daga Turawa za mu fara koyon tsare ruwa ba. Kakanninmu sun naɗa Sarkin Ruwa, wanda ke rufe gurbi, ba mai shiga sai ranar da ya buɗe. Dubi Matan Fada a Argungu, inda aka fara bikin su tun 1934. Manyan kifayen da ake fitarwa da homa da gora a ranar biki, hutun da aka ba wurin ne ya girmar da su. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙe abin da muka gada. Ga shawarata:

1. Daga farkon cikar gulbi har ruwa ya fara ja da baya, kada a datse bakin fadama da taru ko shinge. A bar wa kifi hanya ya shiga ya fita.

2. In ka kama uwa cikinta cike da ƙwai a lokacin nan, mai da ita ruwa. Ajiya ka yi, ba hasara ba.

3. A yi amfani da taru mai idon da ya kai inci 3. Gidan sauro na kwana ne, ba na su ba, gama yana kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba.

4. Kada a zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Kifin da guba ta kashe kuwa yana cutar mai ci.

5. Manomin fadama ya bar 'yan taku na ciyawa tsakanin gonarsa da gaɓa, kada ya yi huɗa har bakin ruwa, kada kuma ya wanke famfon feshi a kogi.

6. Mai sayen banda ya ƙi sayen 'yan mitsi-mitsin 'ya'yan manyan kifaye. In ba mai saye, ba mai kamawa.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, gama in kai ka saki kifi maƙwabcinka ya kama, ba a yi kome ba. Saboda haka tun kafin ruwa ya sauka, masunta da manoman fadama su zauna gaban dagaci da Sarkin Ruwa, a yanke watannin da za a rufe, a yi shela a kasuwa kowa ya ji. Malaman da suka iya karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.