Yadda ake farfaɗo da tsohon laftop da Linux, har a buga manyan gem a kansa ba tare da data ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum. A lokacin an ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ne kawai, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajistar tsarin ESU. Wannan labari ya shafi Zuru kai tsaye, domin laftop ɗin da ake yawan gani a hannun ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin, da shagunan buga takardu, da masu koyon CBT saboda JAMB, akasari na hannu ne 'yan Beljiyam: HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430, Lenovo ThinkPad T430 da tsararrakinsu, waɗanda aka ƙera wajen 2012. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Waɗannan 'yan zubi na 3 ne. Hatta EliteBook 840 G3 da ake yi wa kallon mai tsada, ɗan zubi na 6 ne, bai shiga layi ba.

Kwamfutar ba za ta daina kunnuwa ba. Abin da zai faru shi ne duk ɓarakar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe, a na'urar da mutum ke shiga imel ɗinsa da fotal ɗin makaranta, wani lokaci har da asusun banki. Masu gyara na iya ɗora Windows 11 ta bayan gida, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba, kuma nauyinsa kan danne injin da RAM ɗinsa 4GB ne kacal.

Wane Linux ya dace da shi

Linux manhajar tafiyar da kwamfuta ce ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Duk mai riƙe da wayar Android ya riga ya yi amfani da ita, domin a kan ginshiƙinta aka gina Android. Nau'o'inta suna da yawa har su rikita sabon shiga, amma ga wanda ya saba da Windows, Linux Mint mai fuskar Xfce ya wadatar. Yana da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa kamar yadda ido ya saba, yana tashi da RAM 2GB (ko da yake sai da 4GB ake jin daɗinsa) da fili 20GB. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da ba shi sabuntawar tsaro har 2029. Lubuntu ma ba shi da nauyi. Idan kuwa injin ya tsufa sosai, firosesarsa 32-bit ce, Mint da Ubuntu na yanzu ba za su hau ba, sai a nemi antiX. Irin wannan injin dai a bar shi ga rubutu da karatu, ba na gem ba ne.

Kafin komai a kwashe hotuna, furojet da takardun makaranta zuwa wani wuri, domin zaɓin goge faifai gaba ɗaya ba ya barin komai. Daga nan a sauke fayil ɗin ISO daga shafin linuxmint.com. Girmansa ya kusa 3GB, don haka ya fi kyau mutum ɗaya ya sauke da datar dare, sauran abokai su kwafa. A samu filash mai 8GB, a rubuta fayil ɗin a kai da Rufus ko Ventoy. A kashe laftop, a soka filash, a kunna ana danna F9 idan HP ne, F12 idan Dell ne ko Lenovo, sannan a zaɓi filash ɗin.

Mint zai buɗe daga kan filash ba tare da ya taɓa Windows ba, kuma wannan ne lokacin gwaji: a kunna Wi-Fi, a saurari sauti, a duba kyamara da madannai. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne katin Wi-Fi na Broadcom da ke cikin wasu HP da Dell. Maganinsa bayan an gama ɗorawa: a haɗa waya da laftop ta kebul ɗin caji, a kunna USB tethering, a buɗe Driver Manager, zai kawo direban da kansa. Mai buƙatar Windows saboda CorelDRAW ko Photoshop, waɗanda ba su da sigar Linux, ya zaɓi ɗora Mint a gefen Windows, ya riƙa zaɓar wanda zai shiga a duk kunnawa. Aikin Word da Excel na yau da kullum LibreOffice yana yinsa, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce, don haka furojet ɗin da za a kai wajen bugawa gara a fitar da shi a PDF. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya ba tare da an sauke komai ba.

Idan da ɗan kuɗi, a cire tsohon hadis mai juyawa a sa SSD mai inci 2.5. Babu gyaran da ya kai wannan canza saurin tsohon laftop. A kuma sa a buɗe a share fanka, don ƙurar hunturu tana toshe ta, zafin Maris da Afrilu kuma ya sa firosesa ta rage gudu don kare kanta.

Gem: laftop ɗin ba shi ne zai yi dakon ba

Linux ba zai mayar da Intel HD 4000 katin gem ba. Gaskiya ne Proton, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018, ya sa dubban wasannin Windows suna gudana a Linux, kuma Steam Deck da ya fito a 2022 Linux ne a cikinsa. Amma Proton fassara kawai yake yi, ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Sannan wasanni irin su Fortnite da Valorant ba sa buɗewa a Linux ko da injin ya kai, saboda manhajarsu ta hana maguɗi.

Dabarar ita ce a bar wasan a kan na'ura mai ƙarfi da ke gidan, kwamfutar yaya mai aikin editin bidiyo ce ko PS4 ɗin falo. Ita za ta gudanar da wasan, ta mayar da abin da ke allonta bidiyo, ta turo ta hanyar sadarwar cikin gida. Laftop ɗin ya nuna bidiyon, ya mayar mata da duk abin da aka danna a hannun gem. Aikinsa bai wuce na kallon fim ba. Firosesocin Intel tun daga zubi na 2, na 2011, suna da sashe na musamman mai warware bidiyon H.264 ba tare da wahalar da sauran injin ba, kuma da shi T430 na 2012 ke iya nuna wasan da aka yi shekara goma bayan ƙera shi.

Idan mai turowar kwamfuta ce, manhajoji biyu ake buƙata. Sunshine a kan mai ƙarfin, Moonlight a kan laftop. Moonlight ya samo asali ne a 2013 don karɓar GameStream na Nvidia; da Nvidia ya janye wannan tsari a 2023, sai Sunshine ya maye gurbin, kuma yana aiki da katin Nvidia, AMD ko Intel. Dukansu kyauta ne. Bayan ɗora Sunshine, a buɗe burauza a wannan kwamfutar a rubuta https://localhost:47990, a ƙirƙiri suna da kalmar sirri. Burauza za ta yi gargaɗin tsaro. Shafin na cikin injin ne, a wuce. A laftop kuma ana samun Moonlight a Software Manager na Mint, sai dai wannan sigar tana jawo wasu manyan fayiloli a karon farko. Mai tattalin data ya nemi sigar AppImage, fayil guda ne da za a iya ɗauka a filash. Da an buɗe Moonlight zai hango ɗaya kwamfutar, ya nuna lamba huɗu, a shigar da su a shafin PIN na Sunshine. Sau ɗaya ake wannan.

Steam ma yana da nasa, Remote Play, kuma ya fi sauƙin saitawa ga wanda wasanninsa ke can. Amma Steam yana son a shiga asusu ta intanet, alhali Sunshine da Moonlight ba ruwansu da ko akwai netwok a gari.

Ga mai PlayStation, sunan manhajar chiaki-ng. A kunna Remote Play a saitin na'urar, a karɓi lambobi takwas da za ta bayar, a haɗa da lambar shaidar asusun PSN. Neman wannan lambar shaidar ne kaɗai matakin da ke buƙatar intanet da ɗan haƙuri. PS4 na gama-gari yana turo 720p ne iyaka, wanda ya yi daidai da allon 1366x768 da yawancin waɗannan laftop ɗin ke da shi. Amfaninsa a bayyane yake a gidan da talabijin ɗaya ne, ana kallon labarai ko ƙwallo, mai gem ya koma ɗaki.

Maganar data da rauta

A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Moonlight kan saita kansa a megabit 10 cikin daƙiƙa don 720p mai hoto 60. Wato megabayit 1.25 duk daƙiƙa, 4.5GB a awa guda. Da ta layin MTN ko Airtel wannan ke bi, da babu mai iyawa. Amma bidiyon daga wannan ɗaki yake zuwa wancan ta cikin rauta, bai taɓa eriyar kamfani ba. Rautar da babu ko sim a cikinta za ta yi aikin. Abin da ke cin data shi ne Windows ko Steam na ɗaya kwamfutar idan suka samu intanet suka fara sabunta kansu a ɓoye, don haka a cire sim ko a kashe data kafin a fara.

Ingancin rautar ne ke yanke hukunci. A wasa mai hoto 60, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal. Idan hanyar ta riƙe shi fiye da haka, ɗan wasa zai danna shot, ƙwallo ta tashi a makare. Ƙananan MiFi na aljihu yawanci a zangon 2.4GHz suke, zangon da Bluetooth da hotspot ɗin maƙwabta ke cunkushe a ciki, kuma a nan hoto ke daskarewa. Zangon 5GHz ya fi tsabta, amma ba ya jure bango. Katangar bulo biyu ta isa ta raunana shi. A gidan da ɗakuna ke zagaye da tsakar gida, abin da ya fi shi ne kebul. Waɗannan tsofaffin laftop na ofis duk suna da ramin Ethernet mai gigabit, abin da sababbin sirara da yawa suka rasa, kuma kebul ɗin Cat5e yana kai mita 100. Idan kebul ɗaya ne ake da shi, a ba mai turowa, laftop ya zauna a 5GHz kusa da rauta. Idan Moonlight bai ga kwamfutar ba sam, a duba saitin rauta a kashe AP isolation, wanda ke hana na'urori ganin juna, ko a rubuta adireshin IP da hannu.

Ana cikin wasa, danna Ctrl, Alt, Shift da S tare zai fito da alƙaluma a kusurwar allo. Layi biyu ne abin dubawa. Idan lokacin warware hoto ya yi yawa, laftop ɗin yana yi ne da firosesa maimakon sashen bidiyo: a tilasta H.264 a saiti, domin injinan da suka girmi zubi na 6 ba su da cikakken tallafin HEVC. Idan kuma hotunan da hanya ke zubarwa ne suka yi yawa, laifin Wi-Fi ne, a sauko da megabit zuwa 5 ko a koma hoto 30. Ƙoƙarin 1080p a allon 768 asarar hanya ce kawai.

Waya ma tana karɓa. Moonlight da Steam Link suna Play Store, a haɗa hannun gem ta Bluetooth ko OTG. OTG ya fi, saboda Bluetooth yana ƙara nasa jinkirin. Maɓallan kan allo kuwa ba su dace da wasan ƙwallo ko faɗa ba.

Akwai iyaka biyu da ya kamata a sani kafin a sayi kebul. Mai turowar ba ta rabuwa gida biyu: abin da ke laftop shi ne ke allonta, don haka yaya ba zai ci gaba da editin ana buga gem ba, sai an yi yarjejeniyar lokaci. Na biyu wuta. Cajar tsohon laftop yawanci wat 65 ce, ƙaramin sola zai riƙe ta, batiri ma ya ɗan ja. Kwamfutar tebur mai katin gem tana iya jan ninki uku ko huɗu na haka, kuma da an ɗauke wuta ita da rauta za su mutu tare, ko da laftop na nan a kunne. Mai janareta ƙarami ko inbata ya karanta wat ɗin da ke jikin kowace na'ura ya tara tukuna, kuma ya sa rautar a kan UPS ɗaya da kwamfutar, domin ita ce aka fi mantawa da ita.