Zaftarewar Ƙasa a Dutsen Elgon

A kan iyakar Yuganda da Kenya akwai wani babban dutse ana ce da shi Elgon. Tsayinsa ya ɗara ƙafa 14,000. Dā can dutse ne mai aman wuta, shi ya sa ƙasar jikinsa ja ce mai zurfi, ga ta da albarka ƙwarai. Kabilar Bagisu su ne ke zaune a wajen Yuganda, suna noman kofi da ayaba da wake da masara. Mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan, sai noma ya yi ta hawa dutse har inda mutum ba ya iya tsayawa sosai sai ya dafa.

Ran 1 ga Maris ta 2010 ba ta ɓacewa mutanen gundumar Bududa. An yini ana ruwa, da dare sai gefen dutse ya ɓalle, ya gangaro bisa ƙauyen Nametsi. Ya binne gidaje da gonaki da ɗakin shan magani. Mutum fiye da 300 suka halaka. Babu hanyar da manyan motocin haƙa za su bi, sai soja da mutanen gari suka yi ta tono da fartanya da shebur.

Wannan dabam yake da zaizayar ƙasa wadda kowane manomi ya sani. Zaizaya daga sama take ci, kaɗan kaɗan. Zaftarewa kuwa daga ƙarƙashi take farawa. Ruwa ya kan nitse ya sauka har ya tarad da yumɓu ko fā wanda ba ya iya ratsawa, sai ya kwanta a nan. Ƙasar da ke bisa ta sha ruwa ta yi nauyi, ƙarƙashinta ya yi santsi. In gangaren ya yi tsanani, rana ɗaya sai ta sulale gaba ɗaya, da ayabar da ɗakunan.

To, a nan ne maganar ma'aikata ta shigo. Malamin gona an koya masa ya hana ruwa gudu: a yi kunya a gicciye, a haƙa rami ya tare ruwa ya nitse. A gona mai ɗan gangare wannan shawara ce mai kyau. Amma a jikin dutse mai tsananin gangare da ruwan sama mai yawa, ramin nan shi ne ke ɗura wa ƙasa ruwan da zai kā da ita. Masu binciken da suka auna gangaren Elgon sun ga haka, sun kuma ga cewa yankan gindin tudu don a sami filin gina ɗaki yana raunana shi, kamar a zare tubalin ƙasa daga bango. Malamin gona ba zai san wace gona ce ke bisa yumɓu mai santsi ba sai masanin duwatsu da ɗan safiyo sun gaya masa. Su kuma ba su san manomin ba, ba su zuwa gonarsa.

Haka abin yake ga sauran. Masu duba yanayi sun san makon da ruwa zai yi yawa. Ma'aikatan hanya su ke yanka tudu, su ke kuma zaɓen inda lambatu zai zubar da ruwa, wani lokaci cikin gonar wani. Saman dutsen kuwa tun 1993 ya zama gandun daji na Gwamnati, hukumar namun daji ke tsaronsa, an kuma daɗe ana jayayya da manoma a kan iyakarsa. Kowane ofis yana aikinsa daidai bisa takarda, dutsen kuwa ɗaya ne.

Bayan abin Nametsi Gwamnatin Yuganda ta fid da tsari na ƙasa duka a kan shirin tarar masifa. Aka ɗora nauyin haɗa kan ma'aikatu a ofishin Firayim Minista, aka ce kowace gunduma ta kafa kwamiti, shugabannin ma'aikatu su zauna tare, har a gangaro zuwa ƙauye. A 2014 aka buɗe ofishi guda a Kampala inda labari zai riƙa taruwa.

Tsarin yana da kyau, amma tā da mutane daga wurinsu shi ne ya ba da wuya. An kai gidaje wajen 600 Kiryandongo, can yamma, aka yanka musu gonaki. Wurin fili ne, ya fi zafi, yarensu dabam. Manomin kofi da ayaba ya ga ba ƙasarsa ba ce, waɗansu suka komo dutse. Ba wauta ba ce. Mutum ba ya barin gonar da ke ci da shi don an ba shi ɗaki. A watan Oktoba 2018 ƙasa ta sāke zaftarewa a Bukalasi cikin Bududa, mutum fiye da 40 suka mutu. A 2019 aka soma mai da mutane Bunambutye cikin gundumar Bulambuli, kusa da gida, tare da ginannun ɗakuna da gona.

Akwai aikin da ba ya jiran Kampala. Ƙasa ta kan nuna alama kafin ta tafi: tsaga a gona a gicciyen gangare tana ƙara faɗi, itatuwa suna karkata, bango yana tsagewa, ƙofa ta ƙi rufuwa, ko idon ruwa ya ɓullo inda ba a san shi ba. Manomi shi ne ke fara gani. Sai ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa kwamiti, iyalin kuma su kwana a wani wuri har ruwa ya ɗauke. Malamin gona in ya zo, ya duba inda ruwan jinka da na hanya ke zuba, a ja shi a kai rafi, kada a bari ya shiga tsagar.