Ruwan Cikin Jirgi Ya Fi Na Waje Haɗari

'Yan uwana ɗalibai, darasin daidaiton jirgin ruwa ya ba ni wahala ba kaɗan ba, sai ranar da na ɗauko daro rabi da ruwa daga famfo. Ina taku ɗaya ruwan ya ruga gefe guda, daron ya nemi kuɓuce mini. Washegari na ɗauko jarka cike maƙil, ko gezau. A nan na gane karatun.

Mu fara daga tushe. Ƙa'idar Arkimidis ta ce ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Shi ya sa jirgin ƙarfe yake yawo a kan teku. Amma yawo daban, tsayuwa daidai daban. Akwai cibiyar nauyin jirgi, wato G, da cibiyar turin ruwa, wato B. In jirgi ya karkata, B tana matsawa ɓangaren da ya nutse, ta turo shi ya miƙe. Matuƙar G tana ƙasa da wurin da ake kira M, jirgi zai dawo. In aka jibga kaya a sama, G ta haura, ƙarfin dawowar ya ragu.

To, ruwan da ke kai-komo cikin jirgi ma haka yake yi, tamkar daron nan nawa. A ranar 6 ga Maris, 1987, jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofar gabansa a buɗe. Ruwa ya malale faffaɗan benen motoci, cikin kamar daƙiƙa 90 jirgin ya kife, mutum 193 suka rasu. A 1942 kuma, a tashar New York, ruwan kashe gobara ne ya kifar da jirgin Normandie.

Abin riƙewa dai shi ne faɗin wurin ya fi yawan ruwan illa. In aka raba tanki biyu da bango a tsawonsa, illar takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka tanki ya kasance cike ko fanko, a rufe ƙofofin tare ruwa, in ana kashe wuta kuma a riƙa zuƙe ruwan da injin famfo nan take.

Kafin jarrabawa, don Allah ku gwada da daro. Amma fa a waje, kada ku jiƙa wa abokan ɗaki katifa.