Kayan ɗurin bindigar toka da abin da ya kamata sabon maharbi ya fara mallaka

A ƙasar Urafane da ke gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita ta ɓangaren Mayahi, bindigar da aka daɗe da sani a hannun maharba da masu harbin shagali ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira baushe, wato irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna su da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake sabon ɗuri. Tarihinta a wannan yanki ba gajere ba ne, domin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa a Zinder, har maƙeransa suna zuba igwa a cikin birni. Bambancinta da bindigar zamani shi ne mai ita shi ke haɗa kowane harbi da hannunsa, saboda haka aikin da masana'anta ke yi da sikeli da gwaji ya koma kan mutum ɗaya da ke tsugune a gindin bishiya, sau da yawa cikin gaggawa.

Abin da aikin jinya a cibiyar lafiya ta karkara ya nuna wa mai wannan rubutu shi ne, wanda wannan bindiga ta fi cuta mai ita ne, kuma galibi a lokacin ɗuri ko a harbin da ya biyo bayan ɗurin da bai yi daidai ba. Raunukan suna da kama ɗaya: fuska ta ƙone, baƙin garin albarushi ya nutse cikin fata da farin ido, babban yatsa da manuniya sun yage, kunne ya toshe na makonni. Idan aka bi diddigi, akan tarar saurayi ne da ya tara kuɗinsa kaf ya sayi bindiga, ya ɗauka sauran kayan ɗuri tarkace ne da za a harhaɗa daga abin da ke cikin gida.

Bututun bindiga shi ne abin dubawa na farko. Bututun famfo, wanda ake yawan samu a bindigogi masu araha, faifan ƙarfe ne da aka naɗe aka yi masa walda a tsawonsa, an yi shi ne don ya ɗauki ruwa, kuma ta wannan ɗinkin yake tsagewa idan ƙarfin wuta ya yi masa yawa, daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi. Tsatsa ma tana cin bututu daga ciki ba tare da an gani ba, domin dattin da baƙin albarushi ke bari yana jawo laima, bindigar da aka rataye tun kaka ba a wanke ba kuwa tana iya yin sirara ta ciki alhali bayanta na sheƙi. Duk bututun da aka ga ya kumbura a wani wuri, ko aka ɗaure shi da waya ko roba, aikinsa ya ƙare, kuma maƙerin da ya san mutuncin sana'arsa zai faɗi haka ko da zai rasa ciniki.

Albarushi iri biyu ne, rashin sanin haka kuwa ya raba mutane da hannayensu. Akwai baƙi na gargajiya mai yawan hayaƙi, wanda dominsa aka ƙera bindigar toka, akwai kuma marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, shi ne ke cikin harsashin bindigogin zamani. Na biyun yana haifar da matsin iska da ya fi ƙarfin bututun bindigar toka nesa ba kusa ba, don haka wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a baushe yana neman ƙarin ƙarfi, abin da zai fashe a hannunsa ya haɗa. Hukuncin ɗaya ne ga duk wani gari da aka saya a kasuwa ba a san asalinsa ba. A Amurka da Turai, inda sake cika kwanson harsashi a gida sana'a ce da doka ta tsara, masu yi suna aiki da sikeli mai auna ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na giram da littattafan awo na masana'antu, kuma duk da haka haɗari na aukuwa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kamata ya kusanci wannan aiki ba.

Kayan da suka fi kowane araha su ne suka fi tsare rai. Na farko ma'auni ne, ɗan ƙaramin mazubi na ƙaho ko itace ko tagulla wanda ke ɗaukar awon da maƙerin bindigar da ubangidan mai koyo suka yanke wa wannan bindiga kaɗai, ba a ƙara, ba a aro na wani. Awon tafin hannu ba awo ba ne, domin yana sauyawa da gajiya da zumuɗi. Amfanin ma'auni na biyu ya ma fi na farko: bayan harbi wani lokaci garwashi yakan rage a ƙasan bututu, kuma wanda ya kafa bakin gorar albarushinsa a bakin bindiga yana zuba gari kai tsaye, wuta na iya hawowa ta kama gorar duka a gaban fuskarsa, alhali da ma'auni ne, abin da zai kama bai wuce ɗuri ɗaya ba. Sai sandar ɗuri, wadda ya kamata ta kasance ta itace mai ƙwari, saboda ƙarfe kan ƙarfe yana ƙyasta wuta. A yi mata tsaga biyu, ɗaya inda take tsayawa idan bindiga ba kowa a cikinta, ɗaya inda take tsayawa da ɗuri guda, ta haka mai bindiga zai gane ko akwai tsohon ɗuri a ciki kafin ya ɗora wani a kai. Fuska da tafin hannu ba sa tsayawa saitin baki a lokacin dannawa, kuma idan an ja kunama bindiga ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon fili na aƙalla minti ɗaya, domin garin da ya sha laima yakan yi jinkiri kafin ya kama, masu leƙa bututu a wannan tsakani kuwa su ne ake kawowa da raunin ido.

Akwai wata cutar da ba ta da ƙara, ita ce ta dalma. Masu narka ta daga tsofaffin batura don yin harsashi sukan yi aikin a tsakar gida, wani lokaci a cikin tukunya ko ludayin da zai koma madafa, ƙurarta kuma ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. A jikin yaro dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini da farfaɗiya, kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje, ya isa shaida. Ajiya ma haka take: albarushi ba ya zama a jinkar ɗaki ko kusa da murhu, ba a shanya shi a kan wuta idan ya yi sanyi da damina, kuma bindiga ba ta kwana da ɗuri a gidan da yara suke.

Takarda ma tana cikin kayan farko. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji, ma'aikatan gandun daji ke kula da aiki da ita, sannan tun 1994 ƙasar tana da hukumar tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa ƙa'ida ba. Wannan batu ya shafi lafiya kai tsaye, domin wanda ba shi da izini yakan ɓoye rauninsa don tsoron jandarma, ya yi kwanaki ana shafa masa magani a ɗaka, sai hannu ya kumbura ya fara wari sannan a ɗauko shi a amalanke, lokacin da yatsan da za a iya cetowa a ranar farko ya riga ya mutu.

Idan haɗari ya auku, a zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, kada a shafa mata man goge baki ko ƙwai ko toka. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, ido kuma a rufe shi ba tare da murzawa ko ƙoƙarin ciro abin da ya shiga ba. A kai mai rauni cibiyar lafiya mafi kusa a wannan ranar, a faɗa wa ma'aikaci gaskiyar abin da aka ɗura a bindigar, dalma ce ko ƙusa ko tsakuwa, domin da wannan bayani zai san ko allurar rigakafin tetanos, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, da wankin rauni sun wadatar, ko kuwa sai an tura shi asibitin Tasawa ko Mayahi ko Maraɗi don ɗaukar hoto da tiyata.