Yadda Ake Haɗa Jan Tulu Wanda Wuta Ba Ta Ci

Duk wanda ya saba sayen tulu a kasuwannin ƙauye tsakanin Dalijan da Gwandu ya san ja iri biyu ne. Akwai na fenti, wanda ake shafawa bayan an gasa tulu don jan hankalin mai saye, damina ɗaya ya ɓare. Akwai kuma wanda ya shiga wuta tare da tulun ya fito, ko tulun ya fashe tsingaronsa na nan jawur shekara da shekaru. Wannan na biyu shi ne na matan da suka gaji ginin tukwane, kuma shi ya cancanci a rubuta.

Haƙo shi ake yi. Tuddan yankinmu masu shimfiɗaɗɗen kai marmara ce ta lulluɓe su, a ƙarƙashinta kuma ga yumɓu ja da mai dabbare-dabbare, har masana duwatsu suka sa wa wannan shimfiɗar ƙasa sunan Gwandu a littattafansu. Tsatsar ƙarfe ce ke ba ta launi. Maginiya takan zaɓi ɓarɓashi mai taushi, wanda in ta murza zai bar mata shaida a yatsa. In rawaya ta samu ba ta zubarwa, domin da zafi ya kai wajen digiri 300 ruwan da ke ɗaure a cikinta zai fita, ta rikiɗe ta zama ja.

Daka da tankaɗe ba sai an faɗa ba. A jiƙa ya kwana, a motsa, a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sai haɗi. Garin marmara zalla ba ya kama jikin tulu, da an goga zai biyo hannu, saboda haka ake dama shi da lallausan yumɓu irin wanda aka gina tulun da shi, don su bushe tare su tsuke tare ba tare da ɓawo ya tashi ba. Yumɓun nan yana da wani amfani kuma: sinadarin alumina da ke cikinsa na taimakon ƙarfen ya riƙe haskensa a wuta. Ƙasar da ake gudu ita ce mai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina, don tana kashe ja ya fito fari-fari. Mai baƙin ɗigon manganis kuwa ruwan ƙasa take bayarwa.

Kaurin ya zama kamar na kunun tsamiya. Da tsumma ake shafawa lokacin da tulu ya sha iska amma bai bushe ƙarau ba, sannan a bi shi da dutsen guga ko ƙwallayen kuka da aka shirya a zare har ya yi sheƙi. Dutsen nan abin gado ne. Na ga wanda ya bi hannun kaka da uwa kafin ya iso ga jika, ya yi sulɓi har ba ya riƙuwa sai a hannun da ya saba.

Duk wannan yarinya ma za ta iya. A wuta ake sanin gwana.

Ƙarfe yana zama ja ne in ya sha iska yana da zafi. In hayaƙi ya toshe shi, wutar da ta rasa iska sai ta zuƙe wadda ke jikinsa, ya koma baƙi. Ga shi kuma gashi ba ya yiwuwa sai da rufi: a jera tukwane a kife, a lulluɓe da busasshen kashin shanu da kara da ciyawa, a yafa buntun shinkafa, wanda Kabi ba ta rasa shi. Rufin ke tara zafi har ya kai digiri 700 zuwa 900, kuma shi ne ke haifar da hayaƙin da ke ɓata launi. Saboda haka da farko ana barin wuta ta ci a hankali don kada tukwane su fashe, kuma a lokacin duk sun yi baƙi ƙirin, ba wanda ke damuwa. Abin jira shi ne sa'ad da harshen wuta ya faɗi, hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir har ana hango tukwane ta ramukan toka. A nan maginiya ke ɗaukar doguwar sanda ta buɗe ƙofofi ta gefen da iska ke busowa, ta ture duk wani guntun kashin shanu da ya kwanta a kafaɗar tulu. Ta yi gaggawa, sanyi ya bugi tulu ya tsage. Ta yi jinkiri, zafin ya sauka, baƙin ya zauna daram. Tsakanin biyun ɗan lokaci ne, kuma ba ma'auni a hannunta sai ido da zafin da take ji a fuska. Shi ya sa ake son gashi da yamma liƙis ko da asuba, lokacin da iska ta lafa kuma launin garwashi ke nuna kansa.

Masu manyan murahu ma ba su tsira ba. A makarantar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, a wancan zamanin zafi na wuce digiri 1,200, kuma a can ƙarfe ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi yake fitowa. Masu haɗa launin tayil sun nemo mafita: suna gasa garin ƙarfe, ko kadmiyom da seleniyom, tare da wasu sinadarai har ƙwayar wani ma'adini mai suna zakon ta ginu ta kulle launin a cikinta, wuta ba ta iske shi. Zakon ɗin nan akwai shi a yashin kuzar Jos. Kadmiyom dai guba ne, marmararmu kuwa ko a randar ruwan sha aka shafa ta ba abin tsoro.

In toka ta huce a fito da kaya, a ƙwanƙwasa a ji amo, a jiƙa yatsa a goga a gani ko ja zai biyo. Tulun da ya fito da baƙin tabo ana iya mayar da shi wuta mai tsabta ya washe, amma makamashi ya yi tsada, don haka yawanci rage masa kuɗi ake yi ranar kasuwa.