Gafara Ta Hanyar Jini: Aƙidar Kafara A Wurin Kiristoci Da Matsayin Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuban bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan wata tambaya ce da ba wanda ta bari: idan bawa ya saɓa wa Ubangijinsa, da me za a yafe masa? Kiristoci sun ce da jinin Almasihu. Musulmi sun ce da tuba da rahamar Allah. To, ga shi kuwa ana zaune unguwa ɗaya, ana cin kasuwa ɗaya. Sau da yawa ran Babbar Salla maƙwabci Kirista yakan ga an kayar da rago, ya tambaya ko don wanke zunubi ake yankan. Wanda bai san daga inda tambayar ta taso ba, ko dai ya ba da amsar kuskure, ko kuwa ya fusata a banza.

Asalin kalmar

Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a shekarar 1932, yana kiran shafe zunubi da suna kafara. Kalmar daga Larabci ta zo, watau kaffara, kuma tushenta haruffa uku ne, kaf da fa da ra, masu ma'anar rufewa. Ibrananci, harshen Bani Isra'ila, ɗan'uwan Larabci ne, shi ma yana da kalmar kippur daga waɗannan haruffa. Ke nan kalma ɗaya ce a bakin kowa. Wurin da aka rabu shi ne abin da ke rufe zunubin.

Hadaya a shari'ar Bani Isra'ila

Ba a fahimtar aƙidar Kiristoci sai an koma ga littattafan Yahudawa, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari. A sura ta 16 ta Littafin Firistoci an bayyana Ranar Kafara, wadda ke faɗowa ran goma ga wata na bakwai. A ranar nan kaɗai, sau ɗaya a shekara, babban firist, watau shugaban masu hidimar hadaya, ke shiga ƙuryar ɗakin ibada da ake kira Wuri Mafi Tsarki. Yakan fara yanka bijimi domin laifin kansa da na iyalinsa. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka shi, a yayyafa jininsa a kan murfin Akwatin Alkawari. Ɗayan kuwa firist ya ɗora hannuwansa a kansa, ya ambaci laifuffukan jama'a, a kora shi jeji da su. Sura ta 17 ta kawo dalili, cewa ran kowace dabba a cikin jininta yake, don haka jini ne fansar rai.

Akwai kuma Idin Ƙetarewa, wanda ake tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar. A sura ta 12 ta Littafin Fitowa an ce sun yanka ɗan rago, suka shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidajensu.

Wannan hidima ta tsaya a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta rushe ɗakin ibadar da ke Ƙudus. Tun daga nan Yahudawa suke raya Ranar Kafara da azumi da addu'a da tuba da sadaka.

Yadda Kiristoci suka ɗora abin a kan Almasihu

Aƙidar tana tsaye ne a kan ginshiƙai uku. Na farko, zunubin asali. Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya koyar da cewa ta hanyar Adamu ne zunubi da mutuwa suka shafi 'yan Adam duka. Wanda ya zurfafa wannan magana shi ne Agustin, limamin cocin Hippo, watau Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Wani malami mai suna Felajiyus ya yi jayayya da shi, yana cewa jariri ba ya gadon laifin Adamu, amma taron malaman coci da aka yi a Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayin Felajiyus.

Na biyu, adalcin Allah. Suna cewa Allah Mai tsarki ne, ba zai bar zunubi ya wuce ba tare da sakayya ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 9 da ta 10, ta danganta gafara da zubar da jini, ta kuma ce jinin dabbobi bai isa ya kawar da laifi ba, shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara.

Na uku, hadaya cikakkiya. Sun yi imani cewa Yesu, wanda suke ɗauka Allah ne kuma mutum, ba shi da zunubi, ya miƙa kansa da yardarsa aka gicciye shi a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, ya tashi a rana ta uku. A wurinsu shi ne babban firist, shi ne kuma ɗan ragon, hadayarsa sau ɗaya ta wadatar har abada, kuma wanda ya ba da gaskiya gare shi ya sami gafara. Gurasa da ruwan inabin da suke rabawa a coci tunawa ce da jikinsa da jininsa. Katolika sun ƙara da cewa wannan ibada ita kanta hadaya ce, kamar yadda taronsu na Tirent ya tabbatar a 1562, alhali 'yan Furotesta ba su yarda da haka ba.

Saɓanin malamansu

Kada mai karatu ya zaci bakinsu ya zo ɗaya kan yadda jinin ke aiki. Orijin na Iskandariyya, a ƙarni na 3, ya ce fansa ce aka biya Shaiɗan domin ya saki 'yan Adam. Anselm, babban limamin cocin Kantabari a Ingila, ya ƙi wannan a littafin da ya gama a 1098. Shi a ganinsa girman laifi yana bin girman wanda aka yi wa, kamar yadda marin sarki ya fi marin talaka nauyi. Mutum ne ake bi bashi amma ba zai iya biya ba, Allah ne Mai iya biya amma ba Shi ake bi ba, saboda haka sai wanda ya haɗa biyun. Abelad Bafaranshe, wanda ya rasu a 1142, ya ce manufar gicciye ita ce nuna ƙaunar Allah domin zukata su yi laushi su tuba. Kalbin, jagoran 'yan Furotesta a ƙarni na 16, ya ce Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya hau kan masu laifi ne a madadinsu. Coci-cocin gabas kuwa suna ganin mutuwa da rauni aka gada daga Adamu, ban da alhakin laifinsa.

Matsayin Musulunci

Musulunci ya saɓa wa ginshiƙan nan uku. Game da Annabi Adamu, aya ta 37 ta Suratul Baƙara ta nuna Ubangijinsa ya koya masa kalmomin tuba, ya tuba, aka karɓa. Laifin da aka riga aka yafe ba shi da sauran abin da za a gada. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna kowane jariri a kan tsarkin halitta ake haihuwarsa.

Game da ɗaukar wa wani laifi, Alƙur'ani ya kore shi a wurare biyar: An'am aya ta 164, Isra'i ta 15, Faɗir ta 18, Zumar ta 7, da Najmi ta 38. Malaman Musulunci suna cewa hukunta marar laifi domin a saki mai laifi bai dace da adalci ba. Kiristoci kan amsa cewa ai ba wani na dabam aka hukunta ba, Allah ne da kanSa Ya ɗauki nauyin. Ashe ke nan maganar ta koma kan wane ne Isa, kuma a nan Musulmi ba shi da shakka cewa bawan Allah ne kuma manzonSa. Aya ta 157 da ta 158 na Suratun Nisa'i sun kore kashe shi da gicciye shi, suka tabbatar Allah Ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi.

Game da biyan bashi kuwa, mai bin bashi yana da ikon yafewa, kuma yafewarsa karamci ne, ba ta rage masa adalci. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana masu laifi ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa sharuɗɗan tuba: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. In akwai haƙƙin wani, sai a mayar masa ko a nemi ya yafe. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wurin da adalci da rahama suka haɗu, domin ɓarawo ba ya tsira da istigfari alhali akuyar mutane tana ɗaure a gidansa.

To, ragon layya fa?

Layya koyi ce da Annabi Ibrahim, wanda aka fanshi ɗansa da abin yanka, kamar yadda aya ta 107 ta Suratus Saffat ta ambata. Fansa ce daga yanka bayan an ci jarrabawa, domin ɗan bai aikata wani laifi ba. Aya ta 37 ta Suratul Hajji kuma ta yanke magana, ta nuna nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawar mai yankan ce ke isa. Haka nan kaffarar rantsuwa, a aya ta 89 ta Suratul Ma'ida, ciyar da miskinai goma ce, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ko alhajin da ya aske kansa cikin harami saboda lalura an ba shi zaɓi tsakanin azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Da a ce jini ne ke wanke laifi, da azumi bai tsaya a matsayinsa ba.

Saboda haka in maƙwabci ya yi tambayar nan, amsarta ita ce: ragon na godiya ne da biyayya da ciyarwa, zunubi kuwa tuba ce maganinsa. A faɗa masa cikin ladabi, domin aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta hana jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma kada a laƙaba masa abin da bai ce ba. Shi kuma Musulmi ya tuna tun da ba wanda zai ɗauke masa kayansa, jinkirta tuba hasara ce a kansa shi kaɗai.

Allah Ya sa a dace da tuba kafin ajali. Allah ne Mafi sani.