Yadda Na Koya Wa Ƙanena Bayanau

Da hutun bana na koma gida Furana, na tarar ƙanena yana rubuta Turanci ba gishiri, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. Sai na ce masa bayanau kalma ce mai nuna yadda aka yi aiki. Mu mukan ce "a hankali", Bature kuwa ya ƙara -ly a jikin slow ya ce slowly. Na sa shi ya yi tafiyar hawainiya, sannan ya ruga a guje, watau quickly, ya rubuta duka biyun. Amma na gargaɗe shi, fast ba ta karɓar -ly, kuma wanda aka ce "he hardly works" malalaci ne. 'Yan'uwa da iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.